Babi na 7: Yadda jini ke kai jan ƙarfe sassan jiki

Darasi na 1: Daga kwano zuwa jini

Iyayena da yayyena, a buɗe littafi, a ɗora yatsa kan layin farko. Jan ƙarfen nan da ke cikin wayar lantarki, akwai irinsa a jikin kowa, kimanin miligiram 100 a jikin baligi. Muna samunsa daga hantar dabba, gyaɗa, riɗi da wake. Abin da babba ke buƙata a rana bai cika miligiram 1 ba, don haka abinci ya wadatar.

Idan abinci ya isa ƙaramin hanji, sai hanji ya tsotse jan ƙarfen ya miƙa wa jini. Ba a barinsa ya yi yawo shi kaɗai, domin in ya saku yana lalata ƙwayoyin halittar jiki. Furotin ne ke ɗaukarsa kamar ɗan dako. Na farko sunansa albumin.

Darasi na 2: Hanta

A nan ake yawan tuntuɓe, sai mu bi sannu. Albumin ya ɗauki jan ƙarfe daga hanji, ina ya fara kai shi? Hanta. A maimaita: hanta. Madalla, a rubuta a ja layi a ƙasa.

Hanta ce ke haɗa furotin na biyu, seruloplasmin, ta ɗora wa kowane ɗaya ƙwayar jan ƙarfe 6, ta sake shi cikin jini. Mafi yawan jan ƙarfen da ke ruwan jini yana jikinsa. Jan ƙarfen da ya yi yawa kuwa, hanta ta zuba shi a ruwan matsarmama, ya fita da bayan gida.

Yanzu a jera: hanji, albumin, hanta, seruloplasmin, sassan jiki. Wanda ya ɓata kada ya ji kunya, ya goge ya sake. To amma masu tsallake hanta kullum su rubuta "hanji, sassan jiki", haba jama'a! Gaggawar me ake yi? In babu hanta, wa ya haɗa seruloplasmin? A sake jerawa da ƙarfi, a tsaya a kan hanta.

Darasi na 3: Shiga ƙwayar halitta

Ƙwayar halitta tana da ƙofa mai suna CTR1. Ta nan jan ƙarfe ke shiga. Ƙarancin jan ƙarfe yana kawo ƙarancin jini.

Darasi na 4: Ciwon Wilson

Na gado ne. Hanta takan kasa fitar da jan ƙarfe, ya taru a hanta da ƙwaƙwalwa. Likita Wilson ya bayyana shi a Ingila a 1912. A kwafe jerin Darasi na 2 sau uku.