Yadda Za Ki Gane Laulayin Gabanin Al'ada Ki Rage Shi

Kumburin ciki, nauyin nono, ƙuraje, ciwon kai, saurin fushi da kuka babu dalili duk suna da lokacinsu. Sukan taso bayan fitar ƙwai, kamar kwana 14 kafin jini, su tsananta a kwanakin ƙarshe, su lafa kwana kaɗan bayan jinin ya zo. Babu gwajin jini da ke tabbatar da wannan laulayi, lokacinsa ne ke nuna shi. Don haka aikin farko rubutu ne.

Nemi ƙaramin littafi, ki ja layi ɗaya ga kowace rana. Ranar da kika fara ganin jini ita ce rana ta 1. Zaɓi alamomi huɗu ko biyar da suka fi damun ki, kowane dare kafin ki kwanta ki ba kowacce maki: 0 idan babu, 1 idan kaɗan ce, 2 idan ta dame ki, 3 idan ta hana ki makaranta ko aiki. Ki yi haka har al'ada biyu a jere.

A nan yawancin 'yan mata ke faɗuwa. Kowa ta san ranar da ta fara da ranar da ta yi wanka saboda lissafin sallah, sai ta rubuta kwanakin haila kawai ta ajiye biro. Alhali kwanakin tsarki su ake nema. Idan makon da ke bayan wanka cike yake da sifili, sannan maki ya hau kafin jini, to laulayin gabanin al'ada ne. Idan kuwa baƙin ciki ko kasala na nan wata duka, wani abu ne daban, kamar ƙarancin jini ko ciwon damuwa, kuma maganinsa daban. Kuskure na biyu shi ne cike layukan mako guda a zama ɗaya. Mutum kan tuna mummunar rana ya manta mai sauƙi, sai lissafin ya karkace. Daren da kika manta, bar layin fanko. Manhajar waya ma tana yi, amma takarda ta fi, domin nas za ta duba ta a kallo ɗaya, ba ta cin data.

Da kin san ranar da abin ke farawa, sai ki riga shi da kwana biyu ko uku. Rage gishiri da dunƙulen miya, su ke sa jiki riƙe ruwa. Rage shayi mai kauri, kofi da goro, musamman da yamma, don suna ƙara faɗuwar gaba da rashin barci. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon ki zauna da yunwa har la'asar. Sinadarin kalsiyam na taimakawa, kuma ba sai kin sayi ƙwayarsa mai tsada ba: kindirmo, nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya duk suna da shi. Tafiya da sauri ta minti 30 a yawancin ranakun mako ta fi kwanciya.

Ciwon mara kuma yana zuwa ne daga sinadarin da ke sa mahaifa murɗawa, kuma ibuprofen hana samar da shi yake yi. Shi ya sa ake shan sa da an ji alamar farko, ba bayan ciwo ya kwantar da ke ba: 400mg bayan cin abinci, duk awa 8, kada ya wuce 1,200mg a rana sai da izinin likita. Kada ki haɗa shi da diclofenac. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, ko mai zaton tana da ciki ta tsaya ga paracetamol, mai asma ta fara tambaya. Tramadol ba maganin al'ada ba ne. Gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane a kan mara tana sauƙaƙawa sosai.

Yarinya da yawa na auna naƙuda da ciwon mararta, musamman idan an ce mata "wannan ai somin taɓi ne", har ta tsani maganar aure. Iyaye da yayye su daina wannan furuci. Ciwon mara na 'yan mata yakan ragu da shekaru ko bayan haihuwa, tsoron haihuwa kuma abu ne da ake zama da ungozomar asibiti a tattauna tun kafin ciki.

Ki ɗauki littafin ki tafi asibiti idan maki 3 ya yawaita, idan jini ya wuce kwana 7 ko yana jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon na ƙaruwa wata bayan wata. Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ranar za ki tafi, kada ki jira al'ada ta biyu.