Idan akori-kura ta kwana biyu a ajiye ta ƙi tashi

'Yan uwa, kada ku yi ta murza makulli har batir ya mutu. Cire murfin kafireta (inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji), zuba fetur cikin murfin gora ɗaya a maƙogwaronta, mayar da murfin kafiretar, taka totur sau biyu, sannan ka tayar.

Zafin Kaduna kan busar da man da ke kwance cikin kafireta, famfon mai kuma sai inji na juyawa yake turo sabo. Tsohuwar Fijo 504 ɗina haka take yi duk bayan sati biyu.

Don Allah kada ka zuba ana cikin murza makulli, wuta na iya tashi.

In ta tashi ta sake mutuwa, wataƙila matsalar famfon mai ce ko matatar mai ta toshe. In man tanki na warin fenti, ya lalace, juye shi, ko ka nemo bakanike a kasuwar Panteka ta Kaduna.