Matakan kare ƙashi bayan ɗaukewar al'ada

Iyayenmu mata na Tahoua sun yi ta tambayata yadda za su kare ƙashinsu, tunda idan al'ada ta ɗauke ƙashi kan fara rauni da sauri. Ga yadda za ku yi, daga safe zuwa dare:

1. Ku fita hantsi, rana ta taɓa hannuwa da fuska na minti 15. Da ita jiki ke yin bitamin D, sinadarin da ke taimaka wa ƙashi ya yi ƙarfi.

2. Ku yi tafiyar ƙafa ta minti 30, ko zuwa kasuwa ne.

3. Ku tashi daga kujera sau 10 ba tare da dafa komai ba. Wadda gwiwa ke damu ta fara da 3.

4. Ku sha fura da nono ko kindirmo. In an samu cuku, madalla. Macen da ta wuce shekara 50 tana buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kusan miligiram 1,200 a rana, tuwo kaɗai ba zai kawo shi ba.

5. Ku sa zogale, riɗi, wake ko ƙananan kifi da ƙayarsu a abincin rana.

Hattara, iyayena: kada ku sha ƙwayoyin ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi daga masu talla. Da yawansu wani magani ne mai ƙarfi da ake kira deksametazon, yana cinye ƙashi a ɓoye. Wannan na fi jiye muku tsoro.

6. Ku goge santsin banɗaki bayan alwala.

7. Ku kunna tocila kafin ku sauko daga gado da dare.

8. Ku ga likita idan tsawonku ya ragu, baya ya fara ranƙwafawa, ko 'yar faɗuwa ta jawo karaya, ko da maɗori ya riga ya ɗora.