Yadda ake haɗa kwamfutar da za ta ɗauki asusun wasa da yawa a lokaci guda

Matashin da ya tara kuɗinsa a Damagaram don ya haɗa kwamfutar wasa yakan fara tambaya ne a kan katin hoto, wato sashen da ke zana hoton da ake gani a allo, domin shi aka fi yi wa talla. Idan wasa ɗaya zai buga a kan cikakken allo, bai yi kuskure ba. Amma wanda yake son ya buɗe asusu 5 ko 8 a lokaci guda, kowanne da tagarsa, lissafinsa daban ne: kuɗinsa ya kamata ya fi tafiya ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikin kwamfuta, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, sannan ya ware wani kaso na musamman saboda zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, waɗanda a garinmu su suka fi kashe na'ura.

Mataki na farko ba ya buƙatar ko dala ɗaya. Ka karanta dokar wasan da kake nufi, domin ba kowane kamfani ya yarda mutum ɗaya ya shiga da asusu da yawa ba. Wasan Dofus na kamfanin Ankama da ke Faransa yana da sabobin, wato dandalolin wasa na intanet, da aka keɓe wa mai asusu ɗaya da waɗanda aka bar su a buɗe. EVE Online ya yarda da asusu da yawa idan na biya ne, amma tun Janairun 2015 ya haramta manhajar da ke aika danni ɗaya zuwa tagogi da yawa, kuma Blizzard ya kafa irin wannan doka a World of Warcraft a Nuwamban 2020. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya wayar gari ya tarar an rufe masa asusunsa duka, na'urar tana nan lafiya amma abin da ya haɗa ta dominsa ya tafi.

Mataki na biyu shi ne awo. Ka buɗe wasan sau ɗaya a kan kowace kwamfuta da ka samu, ko ta aboki ce, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare don jerin manhajojin da ke aiki ya buɗe, ka duba yawan RAM da tagar take ci bayan ka yi minti 20 kana wasa. Ka ninka wannan adadi da yawan asusun da kake so, ka ƙara kamar gigabait 6 na Windows da burauza. Misali, idan taga ɗaya tana cin gigabait 3 kuma kana son asusu 6, ka tashi da 24, wato gigabait 32 za ka saya. Idan lissafin ya haura 28, shawarata ka wuce kai tsaye zuwa 64, saboda idan RAM ta cika, Windows yakan koma yana aro daga faifan ajiya, kuma a nan ne dukkan tagogin suke fara tsayawa tare. Ka saye ta sanda biyu iri ɗaya, ba sanda ɗaya babba ba, don ta yi aiki ta hanya biyu.

Daga nan sai zaɓen furosesa, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa ana tunani. Abin da ake nema shi ne yawan cibiyoyin aiki, wato sassan furosesa da kowanne ke iya nasa aiki daban, tunda kowace taga tana son nata rabo. Ryzen 7 5700X na kamfanin AMD yana da cibiyoyi 8 da layukan aiki 16, kuma an ƙayyade zafinsa a wat 65, abin da ya sa nake fifita shi ga ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska. Ryzen 9 5900X yana da cibiyoyi 12 amma wat 105 ne, don haka yana buƙatar sanyaya mai ƙarfi. A ɓangaren Intel, Core i5-12400 yana da cibiyoyi 6, kuma ya isa asusu kaɗan na wasanni marasa nauyi. Waɗannan ba su ne sababbin fitowa ba, kuma da gangan na ambace su: suna aiki da RAM nau'in DDR4, kuma idan wani abu ya lalace an fi saurin samun madadinsa a Yamai ko Kano. Ka lura cewa 5700X ba ya zuwa da fanka a kwalinsa kuma ba ya fitar da hoto da kansa, saboda haka fanka da katin hoto dole ne. Babban allo, wato wanda ake soka sauran kayan a jikinsa, da ya dace da shi shi ne mai lamba B550, kuma ka nemi mai ramin RAM 4 don ka iya ƙarawa nan gaba.

Katin hoto matsakaici ya wadatar. Abin dubawa shi ne ma'ajiyarsa, domin kowace taga tana ɗora hotunanta a kai. RTX 3060 mai gigabait 12 ya fi dacewa da wannan aiki fiye da wasu katunan da suka fi shi gudu amma suke da 8 kawai. Faifan ajiya ya zama SSD nau'in NVMe mai terabait 1.

Akwatin wuta kuwa, wanda ke raba lantarki ga sauran kayan, a nan ne na fi ganin mutane suna tsimin da ke jawo musu asara. Ka sayi mai wat 650 na sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus, sabo a kwalinsa. Ka haɗa masa da na'urar ajiyar wuta, wadda masu gyara a nan suke kira ondiler, kuma ka sani cewa lambar VA da ke jikinta ba ita ce wat ba: mai 1000 VA sau da yawa wat 600 take ɗauka. Aikinta ba ta riƙe ka kana wasa har dare ba ne. Ta ba ka mintocin da za ka fita daga asusunka ka kashe na'ura cikin tsari. Wanda zai yi amfani da hasken rana ya tabbatar inbatarsa tana fitar da wuta mai tsabta irin ta gidan lantarki.

Idan kaya sun kammala sai haɗawa. Ka zaɓi tebur mai tsabta a ɗakin da aka rufe tagoginsa. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum yana tara lantarkin da ke iya ƙona ƙananan sassa, don haka ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka kama alluna ta gefensu. Ka ɗora babban allo a kan kwalinsa, ka ɗaga ƙaramin hannun ramin furosesa, ka daidaita alamar kusurwa uku mai ruwan zinariya da ta jikin ramin, ka sake shi ya zauna da kansa. Idan bai zauna ba kada ka danna, domin ƙafafunsa siraran ne kuma lanƙwasarsu tana da wuyar gyara. Ka ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka cire ledar da ke ƙasan fankar, ka ɗaure kusoshinta a gicciye kaɗan-kaɗan. Sandunan RAM biyu sukan shiga rami na 2 da na 4 daga wajen furosesa, amma ka tabbatar a littafin allon. Sa'an nan SSD, sa'an nan ka zaunar da allon a kan ƴan ƙafafun tagulla na cikin akwati don kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Ka haɗa babbar waya mai baki 24, da mai baki 8 ta furosesa wadda ake yawan mantawa da ita, sai katin hoto da tasa wayar. Wayar allon kallo a jikin katin hoto ake soka ta.

Da ka kunna, ka danna Del ka shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, ka kunna abu biyu. Na farko XMP, wanda wasu alluna ke kira DOCP, don RAM ta yi gudun da aka rubuta a jikinta. Na biyu SVM a AMD ko VT-x a Intel, wanda idan babu shi manhajojin kwaikwayon waya irin BlueStacks da LDPlayer ba za su yi gudun kirki ba, kuma su ake buɗe wasannin Android da yawa da su. Ka saka Windows 11, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Sai saitin wasan kansa, wanda yake rage wa na'ura nauyi fiye da duk wani ƙarin kaya. Tagar da kake kallo kaɗai za ka bar wa kyawun hoto. Sauran ka rage girmansu, ka kashe inuwa da sauti, ka taƙaita su a hoto 15 ko 20 cikin daƙiƙa. A manhajar kwaikwayon waya ka fara da cibiya 2 da gigabait 2 ga kowace taga. Ka sauke wasan sau ɗaya ka kwafa, domin saukewa da sabuntawa ne ke cinye data, ba bugun wasan ba, kuma ka haɗa kwamfutar da akwatin intanet ta waya idan da hali.

Kada ka buɗe asusun duka a rana ɗaya. Ka buɗe 2, ka duba zafi da manhajar HWiNFO, ka ƙara ɗaya, ka sake dubawa. Iyakar 5700X digiri 90 ce, amma ni ba na son in ga ya wuce 80 na tsawon lokaci. Ka tuna cewa gwajin da aka yi a Disamba ba ya nuna abin da zai faru a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari yake haura digiri 40, saboda haka ka maimaita shi da tsakar rana a bazara, ka rage asusu ɗaya ko biyu idan ya kama. Ka ɗora akwatin kwamfutar a kan tebur nesa da ƙasa, fankoki biyu suna shigar da iska ta gaba ta cikin raga, ɗaya tana fitarwa ta baya. Ragar kuma a cire ta a kakkaɓe duk mako a lokacin hazo, a hure cikin akwatin duk wata bayan an zare wuta, ana riƙe fankokin da yatsa don kada iskar ta juya su.