Kurakuran da masu tara tsofaffin kuɗi ke yawan yi, da yadda za a gyara

Duk wanda ya fara wannan harka ta ajiye kwandala da takardun kuɗi, abu na farko da yake yi shi ne wankewa, kuma shi ne abu na farko da yake kashe masa kaya. Ni kaina haka na yi. Akwai wasu anini da kobo masu huda a tsakiya da na samu a cikin wani tsohon kwano na kakata bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, sun yi baƙi-baƙi, na samu lemon tsami da toka na dirje su tas har suna ɗaukar ido. Sai daga baya wani dattijo da ya daɗe a harkar ya duba ya ce min yaro ka cire musu shekarunsu. Wannan duhun da ke kan tsohon ƙarfe, wanda muke gani kamar datti, masu saye shi suke nema, sabida shi ke nuna ba a taɓa fuskar kuɗin ba. Da ka goge da toka ko yashi ko soson ƙarfe, ko ka jiƙa a lemon kwalba kamar yadda ake koyarwa a bidiyo, ka bar ƙananan zane a jiki wanda ido ba ya gani amma madubin ƙara girma yana gani sarai, kuma babu mai iya mayar da shi. Har yau in na buɗe kwanon nan raina yana ɓaci. Gyaran kawai shi ne ka bar shi yadda ka same shi. In ƙasa ce ta maƙale, tsoma a ruwa mai tsabta ba sabulu ba omo, ka ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe da kansa, kar ka murza. Kuma riƙe kwandala ta gefe ake yi, ba a danna yatsa a fuskarta, gumin hannu yana barin tabo.

Takarda ma haka. Mutum zai samu tsohuwar Murtala ta takarda ta ɗan yamutse sai ya sa mata dutsen guga, ko ya liƙe yagewar da salatif, wani ma har ya kai ta shagon kwamfuta a rufe ta da leda irin ta satifiket wai don kar ta lalace. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muni, takardar da aka narka wa leda ta tashi daga aiki a wurin masu tarawa, don ba ta fitowa sai da ɓarna. Salatif kuwa bayan shekara biyu uku gam ɗinsa yana shiga cikin takarda ya bar ruwan ɗorawa. Su kuma na leda, biyar da goma da ashirin da hamsin, in ka kusanto da su zafi motsewa suke yi gaba ɗaya. Kar a guga, kar a liƙe, kar a ɗaure da kyauro, kar a buga sitefila, kar a ninke. A shimfiɗe ake ajiyewa.

Toh sai babban ruɗin da ya fi yawa, wato tunanin cewa tsufa shi ne tsada. Ba haka ba ne wallahi. Abu uku ke sa kuɗi ya yi daraja a wurin masu tarawa, ƙarancinsa, lafiyar jikinsa, da kuma ko akwai masu nemansa. Shekaru suna zuwa ne a baya. Misalin da ya fi kama mu a nan arewa shi ne dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ta shigo da ita ta hamada, iyayenmu mata suna yin ado da ita. Kowa ya ga 1780 a jiki sai ya ce ai wannan ta haura shekara ɗari biyu. Abin da bai sani ba, sarauniyar ta rasu ne a 1780, daga nan aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canzawa, a Biyana da Landan da Rum da Bombai da wasu wurare, ɗaruruwan miliyoyi, har zamaninmu. Don haka mafi yawansu darajarsu ita ce ta azurfar da ke jiki, nauyinta kusan giram 28 ne kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa. Kuɗi ne mai kyau, amma ba zai sai maka gida ba, kuma akwai na jabu da yawa da aka yi da farin ƙarfe, sabida haka a auna a sikelin maƙera kafin a yi ciniki.

Haka nan kobo da ɗari (wato rabin kobo) da anini masu sunan Sarki Edward na takwas na 1936. Labarin yana da daɗi, sarkin da bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus, kuma a can Ingila ba a saki kuɗi mai hotonsa a kasuwa ba. Sai mutum ya ji haka ya ɗauka nasa abin gwal ne. Amma na Afirka ta Yamma da Turawa suka buga mana, masu huda da tauraro mai tsini shida, sunansa ne kawai a jiki babu hoto, kuma miliyoyi aka buga, suna nan jibge. Wanda ya fi ban sha'awa a wurina shi ne aninin 1907 da 1908 na alminiyam, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, kuma da yake ƙarfen bai jure yanayinmu ba yana cinyewa, aka koma wani ƙarfen, samun mai lafiya ba sauƙi. Kaga a nan dalili ne ya kawo ƙarancin. Sannan a irin waɗannan tsofaffin a riƙa duba ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, alamar masana'antar da ta buga ne a Birmingham, wani lokaci shekara ɗaya ce amma harafin ya bambanta farashi.

Kuɗin Biyafara ma mutane suna ruɗuwa da shi. Tarihi ne babba, yaƙin 1967 zuwa 1970, amma bayan yaƙin takardun da ba a kai ga fitarwa ba sun shiga kasuwar masu tarawa da yawan gaske, wasu ma ko lamba babu a jikinsu, don haka galibinsu masu araha ne.

Wani kuskuren kuma, raina canjin da ke hannunka yau. Kowa idonsa na kan sule da sisi da taro na zamanin fam, alhali abin da zai yi wuya gobe yana wucewa ta hannunsa a wurin mai shayi da ɗan adaidaita. Tuna fa yadda abin ya tafi. Naira da kobo sun zo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ta koma naira biyu. Ashirin mai hoton Janar Murtala ta fito a 1977, aka sauya launukan kuɗi a 1984, a 1991 hamsin ta zo kuma sule biyar da naira ɗaya suka koma kwandala. Ɗari a 1999, ɗari biyu mai Sardauna a 2000, ɗari biyar 2001, dubu mai Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a 2005. Duk wanda ya ajiye sabuwa dal a kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokutan yau yana da abin nunawa, mu kuwa duk mun kashe. A 2007 aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardu, biyar da goma da ashirin da hamsin, to kaga duk wadda ka gani da ajami a cikinsu ta kafin nan ce, kuma ni dai ina ganin ya kamata kowane gida a samu ko guda ɗaya, yara su ga an taɓa rubuta naira biyar da haruffan da kakanninsu ke rubutu da su. Akwai hamsin ta bikin cika shekara 50 da samun 'yanci a 2010, akwai ɗari ta 2014 ta cika shekara ɗari da haɗe kudu da arewa. Kwandalolin 2007 na sule biyar da naira ɗaya da naira biyu kusan ba su yi yawo ba, mutane suka ƙi karɓa. Yanzu haka naira biyar da goma suna ɓacewa a gabanmu, mai shago alewa yake ba ka a madadin canji. In ka samu mai tsabta wadda ba ta kankare ba, ware ta gefe, ba za ta rage ka da komai ba.

Kuma in ka karɓi canji ka daina kallon hoto kaɗai. Duba shekara, duba sa hannun gwamnan Babban Banki, takarda iri ɗaya ce amma wata Soludo ne ya sa hannu, wata Sanusi Lamido Sanusi, wata Emefiele, wata Cardoso, masu tarawa kowacce daban suke lissafa ta. Duba lambar jiki. Lamba mai sifili da yawa a gaba, ko wadda duk adadi ɗaya ne ya maimaita, ko wadda in ka karanta daga dama ko hagu abu ɗaya take bayarwa, ko mai hawa a jere, irin waɗannan ana nemansu. Kuskuren bugu ma haka, kamar yankan da ya karkace sosai ko lambobi biyu na jiki da ba su dace da juna ba. Amma a kula, leda da fentinta ya goge don yawo a aljihu ba kuskuren bugu ba ne, tsufa ne kawai, kullum sai na ga wani ya ɗora irin wannan yana tambayar miliyan nawa.

'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu dama a nan, don su har yanzu tsaba tana yawo a kasuwa, dala da dala biyu da dala biyar da sauransu. A takardun sefa kuma akwai harafi kusa da lamba da ke nuna ƙasar da aka buga wa, H ta Nijar ce, K Sanagal, A Kwaddibuwa, B Binin, C Burkina Faso, D Mali, T Togo, S Gini Bisau, sannan adadi biyun farko na lambar shekarar bugu ne. Mutum a Maraɗi ko Damagaram zai iya haɗa takardar jaka ɗaya, wato sefa dubu, ta ƙasashe takwas ɗin nan daga canjin kasuwa kawai in yana da haƙuri.

Maganar farashi kuma, a nan ake yaudarar kai. Mutum zai shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ya ga wani ya sa kobo ɗaya na 1973 mai rijiyoyin mai a dalar Amurka ɗari biyar, shi kenan ya fara lissafin buhun da ke ɗakin babansa. Kowa yana iya rubuta farashin da ya ga dama, abin dubawa shi ne nawa aka saya a zahiri, kuma akwai wurin da ake tace waɗanda aka riga aka sayar, nan za ka ga gaskiya. Numista kuma, shafin intanet na masu tara kuɗi, yana taimakawa wajen gane kuɗin, shekararsa, ƙarfensa, nauyinsa. Sannan ka kwatanta da mai irin lafiyar naka. Manyan kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS da PMG ma'auni suke amfani da shi daga 1 zuwa 70, takardar da ba a taɓa ninkewa ba da wadda aka ninke sau ɗaya tal ba aji ɗaya suke ba, balle wadda ta kwana a lalitar mai kifi.

Wannan rashin sanin farashin shi ne ƙofar 'yan damfara. Salon kusan ɗaya ne kullum, wani zai kira ka ko ya turo saƙo a WhatsApp wai akwai Bature ko Balarabe da ke neman anini mai huda ko kwandala ta shekara kaza, zai biya miliyoyi, wai akwai wani sinadari a ciki, wai tana jan shinkafa ko tana tsayar da agogo. Can sai wani daban ya ɓullo yana da irinta zai sayar maka da rahusa, ko a ce ka biya kuɗin gwaji ko na rajista tukuna. Da ka tura, duka wayoyin sun mutu. Babu wani sinadari a cikin kwandala, tagulla ce da nikel da ƙarfe, wadda maganaɗisu ya kama kuma ƙarfe ne a cikinta ba wani sirri ba. Mai saye na gaskiya ba ya cewa ka fara biyansa. Na san magidanci da ya sayar da awakin matarsa a kan irin wannan, abin ba daɗin ji.

Akwai kuma doka da da yawa ba su sani ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira, liƙi a biki, rubutu a jiki, takawa, har da sayar da ita, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu hamsin ko duka biyun. Don haka takardar da har yanzu ake kashewa, ajiye ta a kundinka ba laifi, amma kar ka kafa tebur kana tallarta. Tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu na kafin sauyin 2022 ma suna cikin wannan, tun da Kotun Ƙoli ta ce su ci gaba da aiki tare da sababbin. Kuma don Allah a daina rubuta shekara ko suna da biro a gefen takarda wai don tunawa, a rubuta a wata 'yar takarda daban a ajiye kusa da ita.

Wurin ajiya shi ne inda aikin shekaru ke lalacewa a damina ɗaya. Gwangwanin madara da aka zuba kwandaloli suna gogar juna, ƙarƙashin katifa, cikin littafi a ɗakin da ke yoyo, duk na ga ɓarnarsu, ga gara ga kyankyaso ga ɓera. Ledar nan mai laushi mai warin roba ita ma tana sa tagulla ta yi kore mai danƙo in an daɗe. In ba ka samu kundin da aka yi don wannan aikin ba, nannaɗe kowace kwandala ita kaɗai a farar takarda marar rubutu, takardun kuɗi kuma a shimfiɗe tsakanin fararen takardu cikin akwatin roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. A ɗora a sama, nesa da bango da rana da kicin, kuma in Agusta ta shigo a buɗe a duba ko sau biyu ne.