Sauka a gidan sistoci a birnin Roma: kurakuran da masu tafiya su kaɗai suka fi yi

Birnin Roma cike yake da gidajen sistoci, wato matan da suka sadaukar da rayuwarsu ga hidimar cocin Katolika, da na 'yan zuhudu waɗanda ke karɓar baƙi su kwana, a biya kuɗi kamar otal. A takardun Italiya ana kiran yawancinsu casa per ferie, kuma da wannan sunan ne za ka fi samun su a intanet. Ga wanda ke tafiya shi kaɗai, mace ko namiji, masauki ne mai kyau: akwai ɗakuna masu gado ɗaya da yawa, ga tsabta, ga kwanciyar hankali, kuma sau da yawa kuɗin bai kai na otal ɗin da ke unguwa ɗaya da su ba. Galibinsu ba ruwansu da addininka. Sai dai wajen zaɓen ne ake tafka kurakurai, kuma kusan duka daga wuri ɗaya suke tasowa: mutum ya duba taswira da rana tsaka yana zaune a gida, ya manta cewa da dare zai riƙa komawa masaukin, a ƙafa, a gajiye, ga ƙofar da ake kullewa.

Na farko shi ne yarda da kalmar nan “kusa da Vatikan”. Kamar dai dillalin fili ne ya ce maka ga titi nan kusa, sai ka je ka gani. Titin Via Aurelia ya taso ne daga bayan Vatikan ya miƙe kilomitoci masu yawa zuwa bayan gari, kuma gidajen addini sun jeru a kansa da kewayensa. Wani gidan minti goma ne a ƙafa zuwa dandalin San Pietro da ke Vatikan, wani kuwa sai ka jira bas, ka yi tafiya mai nisa, amma dukansu suna iya rubuta cewa suna kusa. Haka ma tudun Gianicolo da Monte Mario: a taswira abin kamar taku biyu, a zahiri hawan tudu ne mai fitar da gumi, ga titunan da aka shimfiɗa wa ƙananan baƙaƙen duwatsu masu karya tayar akwati. Gyaran mai sauƙi ne. Ka ɗauki cikakken adireshin da lambar gida, ka sa a taswirar waya, ka nemi hanyar ƙafa zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa. Sannan ka sake neman hanyar komawa daga tsakiyar gari, amma ka saita lokacin ya zama ƙarfe goma na dare. Wannan amsa ta biyu ita ce ta gaskiya.

A nan ne maganar kulle ƙofa ta shigo, kuma ita ce ta fi cin mutane. Gidajen nan ba otal ba ne, gidan wasu ne masu kwanciya da wuri su tashi addu'a da asuba. Da yawa suna kulle ƙofa tsakanin ƙarfe goma da rabi zuwa sha biyun dare. Wasu kan ba baƙo mabuɗi ko lambar buɗe ƙofa, wasu kuwa sai ka danna ƙararrawa wata tsohuwar sista ta sauko ta buɗe maka, idan ma an buɗe. To, mutanen Roma ba sa zama cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas, gidajen abinci da dama ma ba sa buɗewa kafin bakwai da rabi. Idan ka zauna cin abinci a unguwar Trastevere ƙarfe takwas da rabi, ka gama goma saura, masaukinka kuma na can inda sai ka canja bas biyu, to abincin ba zai zauna maka ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kan tsaya da sha ɗaya da rabi daga Lahadi zuwa Alhamis, ya kai ɗaya da rabi a daren Juma'a da Asabar, amma layuka uku ne kacal, A da B da C, kuma Trastevere ba ta da tasha ko ɗaya. A ganina, dokar kulle ƙofa ba aibi ba ce idan gidan na tsakiyar gari inda ƙafarka za ta kai ka. Ta zama matsala ce idan ta haɗu da nisa. Ko dai ka zaɓi na nesa mai ba da mabuɗi, ko na tsakiya mai kullewa, amma kar ka haɗa wa kanka biyun.

Akwai kuma masu ɗauka cewa duk inda aka ce gidan sistoci to araha ne. Ba haka ba. Casa di Santa Brigida, a dandalin Farnese, sistoci ne ke gudanar da shi, kuma wuri ne da samun irinsa sai an tona, don haka kuɗinsa ba na mai neman sauƙi ba ne. Donna Camilla Savelli kuwa, a gindin Gianicolo, tsohon ginin sistoci ne da mai zanen gine-gine Borromini ya zana a ƙarni na 17, amma yau otal ne sosai. Ka duba wa ke riƙe da wurin kafin ka yi lissafi. Ka kuma ƙara harajin kwana da hukumar birnin ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin kuɗin ɗaki, kuma wasu gidajen da tsabar kuɗi suke son sa.

Ranar isowa ma ana mantawa da ita. Jirgin ƙasa na Leonardo Express na ɗauko fasinja daga filin jirgin Fiumicino zuwa babbar tashar Termini cikin minti 32, daga nan layin A zai kai ka Ottaviano, kusa da Vatikan, a tasha ta shida. Amma idan masaukinka na ɓangaren Trastevere ko Ostiense, jirgin ƙasa na FL1 ya fi dacewa kuma ya fi araha, sai dai shi ba ya shiga Termini. Ƙayyadadden farashin tasi daga filin jirgin kuwa na masu shiga cikin tsohuwar ganuwar birnin ne. Gidan da ke can cikin Via Aurelia ko kan Monte Mario, mita za a kunna maka. Babban abin dai shi ne lokacin sauka. Idan jirginka zai sauka da dare, ka rubuta musu tun da wuri, domin ba kowane gida ke da mai zama a bakin ƙofa ba. Bas mai lamba 64 da ke zirga-zirga tsakanin Termini da Vatikan ya yi suna wajen 'yan sane, ba shi ne za ka shiga da akwati da fasfo a aljihun baya ba.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, akwai ƙarin magana: takardar shaidar masauki na cikin abubuwan da ake nema wajen bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Italiya. Wasu gidajen da gajeren saƙon imel kawai suke amsawa, “mun gode, muna jiran ka”. Ka roƙi takarda mai ɗauke da sunan gidan da adireshinsa, da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da ranakun shiga da fita. Da ka isa za su karɓi fasfonka su rubuta bayanai. Dokar ƙasar ce ta tilasta wa kowane masauki sanar da 'yan sanda baƙinsa, ba zarginka ake yi ba.

Musulmin da ya zaɓi irin wannan masauki ya san zai iya tarar da gicciye rataye a bangon ɗaki, kuma babu wanda zai tilasta masa shiga ɗakin addu'a. Karin kumallo yawanci burodi ne da jam da kofi, amma idan ana ba da abincin dare, ka faɗa tun farko cewa ba ka cin naman alade, don yana yawan shiga girkinsu. Babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin birnin a gindin tudun Parioli, ana zuwa ta ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio, wadda ke kan layin A. Abincin halal kuma ya fi yawa a unguwar Esquilino, kusa da Termini. Wanda waɗannan suka dama, gidan da ke kan layin A ya fi masa.

Sauran tambayoyin ka jera su a saƙo ɗaya kafin ka biya ko sisi: ko suna karɓar namiji shi kaɗai, tunda wasu gidajen na mata ne zalla, ko banɗakin a cikin ɗaki yake, ko akwai lifta, ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, don a Yuli da Agusta zafin Roma kan haura digiri 35 kuma tsofaffin gine-ginen nan da yawa fanka ce kawai. Idan tafiyarka ta faɗo makon Ista, ka nemi ɗaki watanni kafin lokacin, masu ziyarar ibada kan cinye su da wuri. A watan Agusta kuma ka tabbatar gidan a buɗe yake, don wasu kan rufe su tafi hutu wajen 15 ga wata.