Yadda za a kare tumatir daga sanyin hunturu don a riga kasuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman rani. Duk wanda ke son tumatirinsa ya nuna kafin kasuwa ta cika, farashin kwando ya faɗi warwas, to ya kula da daren Disamba da Janairu. Tumatir na son sanyi-sanyi, amma idan dare ya sauko ƙasa da digiri 10 sai ya tsaya cak, furen da ya fito ma ya kasa ɗaurewa.

Ku fara kafa shingen kara ko zana ta arewa maso gabas, don ta nan iskar hunturu ke bugowa. Dashen da bai yi ƙwari ba kuwa, ku yanke gindin gorar ruwa ta roba ku kife masa bayan la'asar, da hantsi ku cire. Don Allah kar a manta cirewar nan, in rana ta take, dafa shi za ta yi a ciki. Idan buhu ko leda za ku shimfiɗa, ku ɗaga shi a kan sanduna, kada ya taɓa ganye.

Ban ruwa ma a yi shi da hantsi. Ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumin rana har dare, sai a zuba ciyawa kaɗan a gindi.